Shekarar da Aka Ce Na Ƙi Jikana

Ku 'ya'yana da jikokina, wannan babin na Idrisu ne, kuma zan bi shi daki-daki yadda ya faru, domin na gaji da jin sa a karkace. Har yau akwai masu cewa a garin nan an kawo min jika riƙo na ƙi shi, na mayar wa uwarsa. Wasunku sun ji haka a bakin maƙwabta, wasu a gidan biki, kuma ba wanda ya zo ya zauna ya tambaye ni. To ga yadda aka yi. Zan fara da yadda aka kawo shi, sannan abin da na gani a tare da shi, sannan abin da uwarsa ta gaya min, sannan makarantar. Kada wani ya tsallake ɗaya don gaggawar jin ƙarshe.

A lokacin Malam, kakanku, ya rasu da 'yan shekaru. Ni kaɗai ce a gidan, sai Ladi maƙwabciyata 'yar coci, wadda muka tsufa tare a kan turara shinkafa. Waɗanda aka haifa a birni ba su san aikin ba, don haka zan faɗa. Manoma da 'yan kasuwa suna kawo shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba. A wanke ta, a kwashe wadda ta taso saman ruwa, a jiƙa ta a ruwan ɗumi ta kwana, a tsane ta, a turara ta a duro har bakinta ya tsage, a shanya a kan tamfol ana juyawa da ƙafa, sannan a kai inji. Ba a yin na biyu kafin na ɗaya. Wadda ta yi gaggawa za ta ga shinkafarta ta kakkarye a inji. A kan wannan na tashi, a kansa kuma na yi wa 'ya'yana tarbiyya: kowane aiki hanyarsa ɗaya, kuma kowa ita zai bi. Ni kaina firamare kaɗai na taɓa, sai ajin yaƙi da jahilci bayan na girma, amma ɗan abin da aka koya min na riƙe shi a jere.

Habibu, ɗana na uku, Allah ya buɗa masa a harkar shinkafa. Ya kafa inji a nan Kura, ya kwashi iyalinsa ya koma Kano. Ɗansa na fari sunan Malam ya ci, Idrisu, saboda haka ba mai kama sunan a gidansu. Abba suke ce masa, ni kuwa Maigida, kamar yadda kowace kaka take wasa da jikanta. Habibu ya sa shi a wata makaranta ta 'yan ƙasashen waje, inda 'ya'yan Kwara, wato Labanawa, da Indiyawa da 'yan Sin suke karatu tare da 'ya'yan manyan gari. Ban taɓa zuwa ba, ban kuma taɓa tunanin wani abu zai kai ni ba.

Wata Asabar a farkon kaka, shinkafar damina ta fara shigowa, hayaƙi ya cika tsakar gida, sai ga Habibu ya yi sallama, yaron yana bayansa da jaka. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya gaida Ladi, sannan ya ce da yaron ya je waje.

"Inna, ga shi na kawo miki."

"Hutu aka yi?"

"Ba hutu ba ne. Ba ki shi na yi. Ki riƙe shi, ki koya masa aiki, in ya tasa ya kama min a inji. Boko dai ba rabonsa."

Sai ya jero min abin da aka yi. Yaro ya shekara goma, ƙanwarsa da ke bin sa tana karanta littafi, shi ko baƙi uku bai iya haɗawa ba. An ɗauko masu koyarwa a gida, an yi rubutun sha, an kai shi wajen likitan ido, an yi lallashi, an yi bulala. Duk a banza.

"Yanzu kuma makarantar sun ce za su auna kansa," in ji shi. "Inna, ba zan zauna ina kallo a manna wa mai sunan Malam taɓin hankali ba. Gara ya zauna a nan da mutuncinsa."

Ku lura da wannan, ku masu ganin laifin Habibu. Ba ƙiyayya ce ta sa shi ba, tsoro ne. Ni kuwa na sake tambayarsa a gaban Ladi, domin kyautar ɗa ba a yinta babu shaida.

"Ka ba ni?"

"Na ba ki, Inna, halak malak."

"Na karɓa."

Wannan kalmar ku riƙe ta, za ku sake jin ta a gaba. Kuma Allah ya sani da farin ciki na karɓa. Gidan ya daɗe ba muryar namiji. A ranar na share ɗakin Malam, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na yanka zakara. Ladi tana ta tsiya wai ango ya tare.

Yanzu abin da na gani. Na farko, yaron nan duk abin da ya shiga kunnensa ya zauna. Zai saurari labarun rediyo da safe, da yamma ya maimaita wa Ladi har da muryar mai karantawa. Surorin da ya haddace da ka sun fi na manya da yawa a unguwar. Na biyu, ya bi manoma bakin kanal, wato hanyar ruwan noman rani, kwana kaɗan, sai ga shi ya dawo ya tona ƙasa a bayan ɗaki, ya yi babbar hanyar ruwa da ƙananan rassanta, ya yi musu ƙofofi da kara, yana nuna min wace gona ce take shan ruwa yau, wacce ce sai gobe, da dalilin da ya sa ta ƙarshe take shan wahala. Na tsaya a kansa da ludayi a hannu har na manta da wuta. Na uku, na ɗauko tsohon littafina na yaƙi da jahilci na buɗe masa shafin farko, domin a ganina an yi masa tsallake ne a tushe. Nan take gumi ya keto masa.

"Maigida, ashe rago na aura."

"Ke tsohuwa, in kika matsa min sakinki zan yi."

"Da wane hannun za ka rubuta takardar?"

Ya yi dariya kaɗan, sannan ya koma kallon shafin.

"Hajiya, baƙaƙen ba sa tsayawa. In na kama na farko sai na biyu ya sulale, kamar ƙananan kifayen nan na kanal." Ya ɗago ya dube ni. "Su sauran yara, nasu a tsaye suke?"

Na rufe littafin na ce ya je ya taya Ladi iza wuta.

Bayan wannan sai zuwan Saudatu, uwarsa. Ta zo ne wai ta kawo sauran kayansa. Kun san ta, Bafulatana ce daga wata ruga da ta zauna a gefen Bunkure, kuma duk zaman birnin da ta yi kunyar ɗan fari ba ta bar ta ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama kusa da shi a gaban mutane, ko ciwo yake yi sai dai ta aiko ƙanwarsa ta duba. Da ya zo ya gaishe ta, ta amsa da kalma ɗaya ta kau da kai. Ta cire takalmi ta hau tamfol tana juya min shinkafa da ƙafa, abin da ban sa ta ba. Sai da ta kai ƙarshe ta dawo, sannan ta fara magana, idonta a kan ƙafafunta.

"Inna, kafin a kawo shi an kira mu makarantar."

"Na ji."

"Akwai wata malama mai furfura, daga Kenya take. Ta ce mu gaya mata abin da yaron nan ya iya, da abin da yake so, da abin da yake sa shi dariya. Inna, ta yaya zan buɗe baki in yabi ɗan fari a gaban baƙi, ga ubansa a zaune?"

"Shi uban me ya ce?"

"Ya ce ba abin da ya iya."

Ni ban ga laifinsa ba. Ko ni aka tambaya a kan nawa na fari a gaban mutane, abin da zan ce ke nan. Ladabi ne, kuma duk wanda ya tashi a nan ya san ba haka ake nufi ba. Amma baƙuwa ba ta sani ba.

"Malamar ta daɗe tana kallona," in ji Saudatu. "Na san abin da ta ɗauka. Ta ɗauka ba na son sa. Ta ce akwai hanyar da ake bi da irinsu, a cikin ajinsu, ba sai an ware su ba. Ni na kasa tambaya, shi kuma da ya ji maganar awo bai tsaya jin sauran ba."

Hawaye suna ɗiga a kan shinkafa tana bi da ƙafa tana rufewa. Ba ta roƙe ni komai ba, ba ta kuma da bakin roƙo. Ta sa takalminta ta yi min sallama ta tafi. Na zauna na jera abin a raina. Ana neman wanda zai yi magana a madadin yaro. Uba ba zai iya ba, uwa ba za ta iya ba. A duk zuri'ar nan mutum ɗaya al'ada ta sakar wa baki a kansa, ta yabe shi, ta zage shi, ta kira shi miji a tsakiyar kasuwa ba wanda zai ce ta yi rashin kunya. Washegari da safe na gaya wa Ladi ta ƙarasa abin da ke cikin duro, sauran shanshera kuma a mayar wa masu ita.

"Yaya, a tsakiyar kaka? Mutanen nan ba za su jira ki ba. In suka saba da wani gidan sun tafi ke nan."

"Na sani."

"Ke da ko suna ba kya zuwa in kin jiƙa shinkafa."

"Ɗaure min kayan nan, Ladi."

Muka shiga mota ni da Maigida muka sauka a gidan Habibu. Da ya dawo ya gan mu, fuskarsa ta canza.

"Inna, lafiya? Wani abin ya yi?"

"Bai yi komai ba. Makaranta zan kai shi ranar Litinin."

"Kin dawo min da shi ke nan."

"Ban dawo da shi ba. Ka ba ni a gaban shaida, na ce na karɓa. Nawa ne yanzu, inda na ga dama nan zan ajiye shi. Ɗaki za ka ba mu, ni da mijina."

Habibu bai taɓa mayar min da magana ba, ranar ma bai mayar ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce kuɗin makarantar wannan shekarar an riga an biya, in yi yadda na so, amma na baɗi ba ya ciki. Daga ranar zai zo da safe ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa, ya tashi. Ba ya ƙara ko kalma ɗaya a kan gaisuwa. Direbansa ne ya kai labari Kura cewa an ga tsohuwa ta mayar da yaro, daga nan maganar da kuke ji ta samo asali.

Sai makarantar. Abin da na fara gani ciyawa ce kore shar, ana yi mata feshin ruwa kamar gonar albasa, alhali ba mai cin ta. Na ga yara farare da baƙaƙe da masu ƙananan idanu suna gudu tare suna yare ɗaya. Na shiga da mayafina da takalmin roba, ina jiran a tambaye ni wa nake nema, sai malamar nan mai furfura ta fito da kanta ta riƙe hannuna da hannu biyu. Sunanta ya fi ƙarfin harshena, Malama Furfura nake ce mata, ta kuma amsa har muka rabu. Ranar da su Habibu suka zo ba a nemi tafinta ba tunda yana jin Turanci. Ni kuwa sai aka kira wata ƙaramar malama, Asabe, 'yar Dawakin Kudu, ta zauna a tsakaninmu. Aka yi min tambayar da aka yi wa iyayensa.

"Ki gaya mata," na ce da Asabe, "miji ne marar amfani, bai taɓa ɗinka min zani ba."

Asabe ta kwashe da dariya har sai da ta yi wa malamar bayanin wasan kaka da jika. Daga nan na gyara zama na jero mata: kunnensa, haddarsa, kanal ɗin da ya gina a bayan ɗaki, da maganar kifaye. Na kuma gaya mata dalilin shirun uwarsa, cewa a wajenmu wadda ta fi son ɗan fari ita ta fi ɓoyewa. Malamar ta ajiye alƙalami, ta dafe ƙirji. Sannan ta ce ta gode da aka gaya mata, domin ta kusa ɗaukar alhakin baiwar Allah.

Awon da Habibu yake tsoro a gabana aka yi shi. Ba likita, ba allura, ba wata na'ura da aka ɗora masa a ka. Wasanni ne na sauti da hotuna da tambayoyi, yaron har dariya yake yi. Da aka gama suka kira abin da wani suna, disleksiya, suka ce ba ciwo ba ne, ba ya taɓa hankali, kuma ana samun sa a kowace ƙasa. Idonsa lafiya, ƙwaƙwalwarsa lafiya, hanyar da ke tsakanin baƙi da sautinsa ce take da ƙunci. Ni dai abin da ya zo min a rai gonar ƙarshen kanal ce, wadda shi da kansa ya nuna min. Ƙasarta ba ta da aibu, ruwa ne yake isa gare ta a makare, kuma in mai rabon ruwa ya rufe ƙofa da zarar na gaba sun ƙoshi, ita ba za ta taɓa sha ba.

Suka ba ni izinin zama a bayan aji wasu ranaku. Abin da na gani a ajin nan har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ba a fitar da Maigida an kai shi wani ɗaki na daban ba, yana nan a kujerarsa cikin abokansa. Asabe takan zo ta zauna a gefensa da faranti cike da yashi, ya zana baƙi da yatsa yana faɗin sautinsa, ya share, ya sake. An yanka masa wani kwali mai taga a tsakiya, in ya ɗora a shafi sai layi ɗaya kaɗai ya bayyana, sauran su ɓuya. Dogon karatu kuwa kwamfuta ce take karanta masa a kunne yana bi da ido. Ranar jarrabawa tambayoyinsa ɗaya da na kowa, sai dai shi a karanta masa, a kuma ƙara masa lokaci. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Akwai wani ɗan Kwara da ba ya iya zama wuri ɗaya, an ba shi wata babbar ƙwallon roba yana zaune a kai yana lilo yana lissafi. A gidana da tuni ya sha tsawa. Akwai wata yarinya Ba'indiya da hayaniya take firgita ta, tana da abin toshe kunne, in abin ya yi mata yawa ta tashi ta koma wani lungu mai matasai, ta huta ta dawo, ba wanda ya ce mata kanzil. Akwai wata 'yar Kano da ba ta magana sam, da hotuna take amsa tambaya, malamin aji kuma zai tsaya ya jira ta, duk ajin su jira, har ta nuna.

Jiran nan shi ya fi ba ni mamaki. Ni na san jiran shinkafa, ban taɓa ganin an tsayar da aji guda ana jiran yaro ɗaya ba tare da an ji tsaki ko an ga harara ba. Sauran yaran ko a jikinsu. Wata rana aka raba su rukuni-rukuni su yi bayanin yadda ruwa yake zuwa gona. Na ga 'ya'yan mutane suna jan rigar Maigida kowa yana so ya shigo nasu. Shi ya tsara, wata ta rubuta, ɗan Kwaran nan ya zana, suka tashi gaban aji shi ya yi bayani da Turancin da ban ji ko kalma ba. Ni da na shekara sittin ina cewa hanya ɗaya ce, ga yara a ɗaki ɗaya kowa ta tasa hanyar yake bi, kuma da aka tashi duk wuri ɗaya suka isa. Na koma gida ranar ban iya cin abinci ba. Na yi alwala na zauna ina ta tasbihi, ina tunanin yawan bayin Allah da Ya halitta kowa da irin ƙofarsa.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Akwai ranakun da ya yi jifa da kwalin ya ce shi gida zai koma wajen Ladi. Akwai makon da abin da ya iya jiya yau ya ɓace kamar ba a taɓa koya masa ba. Ni nakan ji raina ya ɓaci, amma Asabe sai ta share yashin ta ce a sake. Malama Furfura ta gaya min tun farko cewa abin ba ya warkewa, sai dai a koyi tafiya da shi. Ban ji daɗin jin haka ba, amma na gode da ba ta yi min ƙarya ba.

Abu na ƙarshe da na gani a makarantar ba a kan yaro aka yi shi ba. Da zafi ya shigo aka sake kiran iyaye. Habibu bai je ba, na tafi da Saudatu, tana tafe kamar wadda za a kai gaban alƙali. Muka zauna. Malama Furfura ta sa an juya kujerar Saudatu ta fuskanci taga, ba ta fuskance ta ba. Sannan ta yi magana, Asabe ta fassara tana danne murmushi.

"Ta ce ba za ta tambaye ki komai a kan ɗanki ba. Amma akwai wani mijin Hajiya da yake zaune a gidanku. Shi take so ki ba ta labarinsa."

Saudatu ta zuba wa taga ido. Can sai ta ce, a hankali, "Mijin Inna ba ya cin abinci in an yi masa faɗa." Daga nan bakinta ya buɗe. Ta faɗi watan da ya fara tafiya, da waƙar da take sa shi barci, da yadda yake ɓoye littafi a ƙarƙashin katifa don kada ƙanwarsa ta ga inda ya tsaya. Abubuwan da ni ban sani ba, ubansa bai sani ba, shekara goma tana tara su ba ta da inda za ta sauke. Na dubi matar nan da ta taso daga wata ƙasa mai nisa, na ga yadda ta yanka wa yaro kwali mai taga haka ta yi wa uwarsa. Ba ta ce al'adarmu ta kauce mata ba, ta nemo inda za ta bi ta wuce.

Shekara ta ƙare aka yi dogon hutu, shinkafar rani ta shigo. Habibu bai ce komai a kan baɗi ba, ni ma ban tambaya ba. Na ce a kai mu gida, muka biya ta injinsa a Kura domin direba zai ɗauki saƙo. Mun tarar an ɗauke wuta, injin ya tsaya, ma'aikata suna zaune a kan buhuna, Habibu yana tsaye a bakin ƙofa. Ya zo ya gaishe ni ta tagar mota kamar kullum. Maigida kuwa ya fita, ya je gaban wani sabon buhu, ya zaro kwalinsa daga aljihu ya ɗora a kan rubutun da ke jiki. Ba wanda ya sa shi. Ya fara haɗawa da ƙarfi, baƙi bayan baƙi, yana tsayawa yana komawa baya.

"Shin... ka... far... gi... dan... Ma... lam..."

Ya tsaya. Wurin ya yi tsit, har kukan tattabaru a saman rufi ana ji. Wani ma'aikaci ya buɗe baki zai ƙarasa masa, na ɗaga masa hannu, domin na koyi jira.

"Id... ri... su." Ya juyo da sauri. "Hajiya, sunana ne a jiki."

Na dubi Habibu. Ya juya baya yana kallon bango, ya cire hularsa ya mayar, ya ɗebi buntun shinkafa a ƙasa yana murzawa kamar mai duba wani abu. Ba zai yabe shi ba, ga ma'aikata, ga ni, kuma ban so ya yi ba. Ya daɗe a haka, sannan ya tako zuwa motar ya durƙusa.

"Inna, yaushe ne za a koma makarantar mijin naki?"

Ita ce magana ta farko da ya yi min bayan gaisuwa tun tsakiyar kaka.

Na dawo gida na tarar abin da Ladi ta faɗa ya tabbata. Masu kawo min shanshera sun saba da wasu gidajen, kaɗan ne suka dawo, duro biyu daga cikin nawa tsatsa ta cinye su a jingine. Sana'ar da na gina tun ina amarya ba ta sake miƙewa ba, ɗakin Malam kuma da na share ya koma a rufe. Da aka koma makaranta Saudatu ce ta riƙa zuwa zaman iyaye, ana tambayarta labarin mijin Hajiya har ya gama. Yanzu ya zama saurayi, har yau a hankali yake karatu, har yau akwai kwali a aljihunsa, kuma karatun rabon ruwa yake so ya yi.

Ban taɓa mayar da shi ba. Zamansa a Kano ajiya ce na ba su. Da zai tafi jami'a ya je wajen ubansa neman izini, Habibu ya ce masa shi ba shi da ta cewa, ya zo nan ya tambayi mai shi. Ya zo ya same ni a kan tamfol, na sa shi ya cire takalmi ya juya min shinkafa har ta bushe, sannan na ce ya tafi.